Kawu Mudi da Buhun Ƙasar Partago

Duk wanda ya san Kawu Mudi a unguwar Guéma, da buhu ya san shi. Ba buhun masara ba, ba na doya ba, buhun jar ƙasa, an ɗaure bakinsa tamau da igiyar shanu. Duk ranar da zai bi motar shanu daga Parakou zuwa Djougou, za ka gan shi da sassafe a tsakar gida, babbar riga a naɗe a kafaɗa, yana cika buhun nan da shebur a hankali, yana magana ƙasa-ƙasa. In ya ɗaure sai ya shafa gefen buhun ya ce, "To, ku yi haƙuri, yau ku ne da tafiya gida." Mu 'yan gidan kuwa kowa sai ya nemi wani wurin da zai kalla. Ku mutanen unguwa kun yi dariyarku a fili, ban ga laifinku ba. Ni tawa dariyar kunya ce ta fi yawa a cikinta, domin yayan mahaifiyata ne, a hannunsa na tashi, tare muke sana'ar shanu, kuma ni ake nunawa da baki a kasuwa ana cewa ga Isiyaku ɗan Mai Buhu can.

Tsumulmularsa ce ta jawo masa, wannan ko shi bai taɓa musu ba. Kawu mutum ne da ba ya iya ganin abu ya tafi a banza. Igiya in ta tsinke sai ya ƙulla, in ta sake tsinkewa ya sake ƙullawa, har ƙulli ya fi igiyar yawa. Abin da ya fi ci masa rai a duniya shi ne mota ta dawo ba kaya. Wata shekara gab da damina muka kai wa mahautan Djougou shanu. A hanyar dawowa, kusa da Partago, sai ga katafila tana cin gefen wani tudu a bakin hanya, motoci suna lodin ƙasa suna kai wa masu gini a Djougou. Tsakar gidanmu kuwa kwari ce, ruwa ɗaya zai sauka ta zama tafki. Kawu ya daki kafaɗar direba ya ce tsaya. Ya sauka, ya yi ta zuba wa mai katafila daɗin baki, ya haɗa masa da goro, har mutumin ya cika mana motar taf.

Kai, ranar nan kun ga alfahari! Duk wanda ya wuce ƙofar gida sai Kawu ya kira shi. "Zo ka ga ƙasa! Kyauta, wallahi, goro kawai na bayar!" Aka baje ta a tsakar gida aka daɓe. Ragowar aka cike ɗakin matarsa, Inna Talatu, wanda ke shan danshi, aka shafe da siminti.

Ruwan farko da ya sauka ya wanke saman daɓen. Da safe Inna tana shara, tsintsiya ta turo wani ɗan abu fari.

"Alhaji, zo ka gani. Wace dabba ce mai irin wannan haƙorin?"

Haƙori kuwa sana'ar Kawu ce, da ya buɗe bakin saniya zai gaya maka shekarunta. Ya karɓa, ya juya shi a tafin hannu, ya juya. Ya ce ba na saniya ba ne. Ya ce ba na tunkiya ba ne. Sai muka ga ya kai yatsa cikin bakinsa yana taɓa nasa. Ya durƙusa ya shiga tona da hannu: ga tsingaron tukwane masu zane, ga 'yan duwatsun ado da aka huda, ga guntayen ƙashi. Ya zauna daɓas cikin taɓo da farar rigarsa.

"Talatu," ya ce, "mutane na kwaso."

Sannan ya faɗi maganar da ta zama takensa har ya bar duniya: "Da wace fuska?"

Washegari ya koma Partago shi kaɗai. Dattawan ƙauyen da ke kusa da tudun suka gaya masa makwancin mutanen farko ne, tun kafin kakanninsu su zo wurin. Ba wanda ya san sunansu ko harshensu. Su dai ba sa noma wurin, ba sa sarar itacensa. Sun yi magana da aka kawo katafila, ba a saurare su ba.

Ya dawo ya tafi wurin Liman, na raka shi. Liman ya saurara, ya ce abin da sauƙi, a tsince ƙasusuwan a binne a bayan gari, shi ke nan. Ya ƙara da cewa ai wataƙila ma mutanen ba musulmi ba ne.

"Allah gafarta malam," in ji Kawu, "ƙashin da na gani zan iya tsincewa. Wanda ya narke ya shiga cikin ƙasar fa? Batun addini kuwa, ranar da na kwaso su ban tambaye su ba. Ni ba salla zan yi musu ba, mayar da su zan yi inda na same su."

"To ka yi hayar mota ka mayar gaba ɗaya mana, Alhaji."

Nan fa Kawu ya yi tari, ya gyara hula. Hayar mota sukutum don ƙasa? Sai dai a kashe shi. Motarmu kuwa cike da shanu take zuwa Djougou, kuma ya rantse ba zai zuba mutane a ƙarƙashin kofato da kashin shanu ba. Kunya ta ce a mayar, tsumulmula ta ce ba a hayar mota, suka daidaita a kan buhu ɗaya duk tafiya. Ku yi tunanin mota guda ta ƙasa a buhu ɗai-ɗai, za ku gane dalilin da ya sa yaran da aka haifa lokacin har suka yi gemu Kawu bai gama ba.

Ina buhun zai zauna? A gaba mana, kusa da direba, a wurin zamana! Ni da gemuna, ni da ake kira maigida a kasuwa, aka ce in hau kan katakon saman mota tare da masu korar dabbobin, ƙahon shanu yana zungurar ƙafata. In mun ratsa Tourou, abokaina suna ɗaga mini hannu suna cewa, "Isiyaku, an ƙara maka girma!"

Tafiyar farko muka iso shingen jandarma. Wani dogo ya leƙo, ya ga buhu a kujera an tokare shi da tsumma kada ya faɗi.

"Alaji, mene ne a buhu?"

"Mutane," in ji Kawu.

"Pardon?"

"Mutane ne, yallaɓai. Gida zan mayar da su."

Wayyo! Aka sauke mu duka, har masu kora. Aka kwance buhun a hankali, wani ya ja da baya yana riƙe da bindiga. Dogon nan ya zura hannu ya ɗebo.

"Ƙasa ce!"

"Yanzu kam ƙasa ce," in ji Kawu. "Ka mayar da ta hannunka ciki, kada ka zubar mini da kakar wani a kan kwalta."

Sai bayan azahar aka sake mu, shanu sun galabaita, ni kuwa na ja hula har kan hanci saboda motocin 'yan Parakou da ke wucewa. Amma daga baya jandarmomin suka saba da shi. Da sun hango motar sai su sara wa buhun. "Alaji, yaya fasinja?" Shi kuwa ko murmushi ba ya yi. "Lafiya lau. Sun fi masu rai haƙuri."

A Partago zai sa a tsaya, ya saɓi buhunsa, ya bi 'yar hanya zuwa tudun, ya juye a ramin da katafila ta yi, ya daddanna da hannu. Ni ina can saman mota ina ƙirga ƙahon shanu da ido, ina addu'ar kada wata motar sani ta wuce.

Abin da ya ƙona masa rai shi ne, yana zuba buhu ɗaya, motoci suna kwasar nasu lodi. Ya yi wa masu motocin magana, suka ce tsoho ya zauce. Sai ya sake dabara. Ya daina magana da maza. In motar ƙasa ta tashi, sai ya hau zemijan, babur ɗin haya, ya bi ta har gidan da za a sauke a Djougou, ya yi sallama, ya nemi a kira masa uwargida, ya gaya mata abin da ke cikin ƙasar da za a gina mata ɗaki. Ba ya ƙari, ba ya ragi. Yakan ce namiji in ka gaya masa zai ce araha ce, mace kuwa ita za ta kwana a kai.

A cikin wannan yaƙi nasa na faɗa. Ina neman auren Ramatu, 'yar wani mai sayar da goro a Djougou. Manya sun gama magana, sai iyayenta suka ce a zo da yaron su gan shi. Na durƙusa gaban Kawu.

"Kawu, don girman Allah, yau ɗaya ka bar buhu a gida."

"Na ji. Ba zan je da ƙasa ba."

Muka isa, aka shimfiɗa mana tabarma a zaure. Na sunkuyar da kai kamar yadda ake yi. Baffan yarinyar yana tsakiyar jawabi, sai na ji Kawu ya yi shiru irin wanda na sani. Na saci kallo. Ashe suna gina sabon ɗaki, an jibge jar ƙasa a bakin ƙofar cikin gida. Kawu ya miƙe, ya bar mutum yana magana, ya je ya tsuguna ya ɗebi ƙasar yana murzawa.

"Alhaji, wa ya kawo muku wannan?"

"Wani mai mota ne, daga hanyar Partago."

"Inna lillahi!" Ya ɗaga murya yadda za ta haye labule. "A gaya wa mutanen cikin gida kada su bar yara su yi wasa a nan! Kakannin mutane ne!"

Sai salati daga ciki, sai ƙarar kwano ya faɗi, sai kukan yaro da aka fizgo. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige, sai na tuna ita ma ƙasar da masu ita. Ina kallo Kawu ya zura hannu a aljihun babbar riga ya zaro buhu a ninke.

"Kawu, ka yi mini alkawari!" na ce.

"Na ce ba zan zo da ƙasa ba. Na ce maka ba zan tafi da ita ba?"

Haka muka je neman aure muka fito da buhun ƙasa a kafaɗa. A kafaɗar wa? Tawa mana, a gaban surukai! Uwar Ramatu ta hana mijinta sakat sai da ya mayar da jibgin nan duka. Aure ya ja baya da damina guda, kuma har yau in mun saɓa da Ramatu sai ta ce, "Ai tun ranar da kuka zo ganina kuka tafi da ƙasa na san gidan da zan shiga." Amma labari ya zagaya matan Djougou, daga gidan suna zuwa gidan biki. Kafin wani lokaci duk mai motar da ya ce ƙasarsa ta Partago ce, sai a rufe masa ƙofa. Katafila ta tattara ta nufi wani wuri.

Can bayan shekaru sai ga masu binciken kayan tarihi, da igiyoyinsu da 'yan cokulansu na tono. Shugabarsu wata mace ce mai haƙuri, Kawu yana kiranta Madam. Da farko ya ɗaure musu fuska, ya ce ya kori katafila ga 'ya'yanta sun zo. Ta zaunar da shi ta yi masa bayani cewa kaɗan za su duba, su rubuta, su rufe, don hukuma ta san darajar wurin ta hana taɓa shi. Sannan ta ce akwai abin da ya ɗaure musu kai. Ta buɗe wani ɗan kwali ta nuna masa abin da suka samu tare da tsingaron mutanen farko: marfin kwalbar lemo, da hancin butar roba, da igiyar silifas.

Kawu ya ɗauki igiyar silifas ɗin ya duba. "Wannan na Talatu ne. Ta yi ta nemansa."

Da ya gama ba ta labari, Madam ta dafe kai, ta rasa dariya za ta yi ko kuka. "Alaji, ka haɗa mana zamani da zamani!"

Ban taɓa ganin Kawu ya ji kunya irin ta ranar ba. Ashe ba mutane kaɗai yake mayarwa ba, har da sharar Guéma yake zuba musu a kai. Duk hanyar dawowa yana cewa, "Da wace fuska? Silifas!" Madam ta keɓe masa gefe ɗaya inda zai riƙa zubawa, ta sa alama. Shi kuwa ya ɗauki sabuwar doka: ba ƙasar da za ta shiga buhu sai an tankaɗe ta. Sayen rariya kuma ba ya cikin lissafinsa. Da yamma Inna za ta tuƙa tuwo, ta nemi rariyarta sama da ƙasa, ta fito ta same shi a tsakar gida yana tankaɗe.

"Alhaji! Rariyar garina?"

"Zan wanke miki."

"Ka riƙe! Ka haɗa da tukunyar, ka dafa musu!"

Daga baya hukuma ta kafa allo a bakin tudun, da rubutun Faransanci cewa wurin patrimoine ne, gadon ƙasa, ba a tono. Kawu ya zagaya allon, ya ƙwanƙwasa ƙarfen, ya ce an yi ɓarnar fenti. Amma ya ce ba laifi, allon ya fi shi zama wuri ɗaya.

A hankali tsakar gidanmu ta koma kwarinta, har ta fi da zurfi. In an yi ruwa sai agwagin maƙwabta su shigo. Ƙasar Partago ta ƙare kaf, saura wadda ke ƙarƙashin simintin ɗakin Inna. Nan Kawu ya gamu da wadda ta fi shi taurin kai.

"Talatu, kwana biyu kawai. Ki koma ɗakin baƙi, in fasa, in kwashe, in gyara miki."

"Ba za a fasa mini ɗaki ba. Shekara da shekaru muna tare da su, ko tari ba wanda ya taɓa yi mini. Sun fi ka zaman lafiya."

Kullum da safe sai ya je ƙofarta da wannan roƙo, kullum amsar ɗaya. Ya daina shiga ɗakin da takalmi. Sallama ma biyu yake yi, ɗaya da ƙarfi ɗaya a hankali, Inna ta ce ta farkon ce tata. Wata rana ta tafi biki Tourou, ta manta mayafi ta dawo, ta same shi a bakin ƙofarta da diga a hannu.

"Me kake yi?"

"Ƙotar nake dubawa."

Daga ranar ba ta fita sai ta kulle ɗakin da kwaɗo biyu. Mu muna ta dariya, muna cewa ga wasan tsofaffi.

Da ciwon ajali ya kwantar da shi, ya kira ni, ya kama hannuna. Hannun duk ya zama ƙashi.

"Isiyaku, saura na ɗaki."

"Kawu, ai ka yi ƙoƙari. Ka huta."

"Wanda ke ƙarƙashin siminti bai san na yi ƙoƙari ba. Da wace fuska zan same su?"

Inna tana bakin ƙofa, ta juya ta shige ɗakinta.

A ɗakin nan ta yi takaba, ba mu ji ta ambaci ƙasa ba ko sau ɗaya. Ranar da ta fita takaba na zo gaishe ta, na tarar an fito da gadonta da kwanukanta da akwatunanta tsakar gida. Tana zaune a kan turmi, digar Kawu a gabanta.

"Fasa," ta ce.

"Inna, ai kin ce ba za a..."

"Da na bari ya fasa, da me zai riƙa zuwa ƙofata kullum da safe?" Ta goge ido da bakin mayafi. "Na ɗauka muna da lokaci. Fasa, Isiyaku."

Na fasa. Ita ta tankaɗe da hannunta, da rariyar nan dai. Ta sa aka yi hayar mota sukutum, ta ce ita ba ta gaji tsumulmularsa ba. Aka jera buhunan a baya a kan tabarmi, ta shiga gaba da ɗaya a kan cinyarta. A shingen jandarma wani ya hango buhu ya taho yana dariya zai sara, ya ga Inna, ya duba ya ga ba Kawu. Ya cire hularsa, ya buɗe mana hanya.

A Partago dattawan ƙauyen suka fito, matasa suka kama mana dakon buhuna. Wani tsoho ya nuna wa Inna gindin bishiyar da Kawu yake zama in ya juye buhu, inda suke ba shi ruwa, yana ba su goro rabi-rabi. Sannan ya dube ni, ya yi magana da harshen Dendi.

"Kai ne ɗansa? Mun san hularka. Shekara da shekaru muna hango ta a saman mota, ba mu taɓa ganin fuskarka ba."

Ba da faɗa ya faɗa ba, har hannu ya miƙo mini. Amma wallahi duk kunyar da na sha a kan Kawu, ta shingen jandarma da ta zauren surukai, ba wadda ta kai wannan zafi. Na saɓi buhun ƙarshe, na bi 'yar hanyar da ƙafarsa ta yi, na juye inda Madam ta sa alama. Inna ta durƙusa ta daddanna da hannu.

"To, Alhaji," ta ce a hankali, "sun iso duka."

Su mutanen tudu, Allah Shi Ya san su, Ya san sunan kowannensu. Kai kuwa Kawu, Allah Ya jiƙan ka, Ya yalwata makwancinka, Ya sa kada kowa ya taɓa ƙasar da ke kanka. Ya tashe ka da fuskar da ba za ta ji kunyar kowa ba. Amin.